Zaure da Cikin Gida: Abin da Ke Canzawa Idan Kun Shiga Shafin JAMB

Idan lokacin duba gurbin karatu ya yi, wayar yaya kan zama ta kowa. A garin Isa da Bafarawa da Sabon Birni, ba kowane ɗalibi ne ke da babbar waya ba, don haka waya ɗaya sai ta zagaya hannun ƙanne da 'ya'yan maƙwabta kafin la'asar. Wanda bai samu aro ba sai ya nufi shagon mai kwamfuta, ya bi layi, ya biya. Kowa abu ɗaya yake son gani: an ba ni ko ba a ba ni ba?

A cikin wannan zumuɗi, da wuya a samu mai lura da wani ɗan abu da ke faruwa a fuskar wayar. Kafin ka rubuta adireshin imel da kalmar sirri, shafin hukumar JAMB abubuwa kaɗan yake nuna maka, babba a cikinsu shi ne wurin shiga. Da zarar ka shiga, sai ka ga sunanka, ga wurin duba gurbin karatu, ga na buga takardar sakamako, ga na gyaran bayanai. Shafi ɗaya ne, amma jerin abubuwan da za ka iya taɓawa ya sauya. Wannan jeri shi masu kwamfuta ke kira menu. A wannan makon mun duba yadda ake tsara shi ya riƙa sauyawa daidai da wanda ya shigo, domin lamarin ya shafe ku ta fuska biyu: yau kuna amfani da irin waɗannan shafuka, gobe kuma wasunku ne za su gina su.

Kowa da inda ya tsaya

Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya riga ya san wannan tsari. Baƙo idan ya zo, a zaure yake tsayawa ya yi sallama. Abokin maigida ana iya shimfiɗa masa tabarma a zauren. Ɗan gida kuwa wucewa yake yi kai tsaye zuwa tsakar gida. A cikin 'yan gidan ma, ba kowa ke shiga turakar maigida ba, kuma ba kowa ke buɗe rumbu ba.

Mai tsara shafin intanet irin wannan rabon yake yi. Ya kan fara da tambayar su wane ne za su zo, kuma me kowannensu ya zo nema. Mu ɗauki shafin da wata makarantar sakandare za ta buɗe don sakamakon jarrabawar zango. Baƙo, wato wanda bai shiga da suna ba, ya isa ya ga tarihin makaranta, ranar komawa hutu, yadda ake neman shiga aji ɗaya, da maɓallin shiga. Ɗalibi idan ya shiga, sai a ƙara masa sakamakonsa da jadawalin darussa da wurin sauya kalmar sirri. Malami zai ga ajujuwan da yake koyarwa da wurin zuba maki. Shugaban makaranta zai ga duka, har da maɓallin da ke sakin sakamako ga ɗalibai.

Akwai dalilin da ya sa ba a jibge komai a gaban kowa. Fuskar waya ƙarama ce. Idan aka jera abu 20 alhali 4 ne kawai suka shafe ka, sai ka ɓata lokaci da data kana lalube. Sannan nuna wa ɗalibi maɓallin zuba maki tamkar tsokana ce: zai taɓa, a hana shi, ya rasa dalili. Haka kuma babu ma'ana a ci gaba da nuna maɓallin shiga ga wanda ya riga ya shiga. Ƙa'idar da masu wannan sana'a ke bi mai sauƙi ce: inda maɓallin shiga yake, nan sunan mutum da maɓallin fita za su maye gurbinsa, sauran abubuwan da kowa ke gani kuma su tsaya a inda suke don kada mutum ya rikice.

Yadda shafi ke gane ka

Tambayar da ta biyo baya ita ce, ta yaya shafin ke sanin kai ne? Shafin da kake gani a waya yana zaune ne a wata babbar kwamfuta da ake kira sabar, wadda ƙila tana Abuja ko Legas ko ma wata ƙasa. Duk lokacin da ka taɓa wani abu, wayarka kan aika saƙo ga sabar, ita kuma ta maido da amsa. Yadda Tim Berners-Lee ya tsara yanar gizo tun daga 1989, sabar ba ta riƙe mutum a ka. Kowane saƙo sabon baƙo ne a wurinta, ko da daƙiƙa ɗaya ce tsakaninsa da na baya.

A 1994 wani injiniya mai suna Lou Montulli, a kamfanin Netscape da ke Amurka, ya fito da dabarar da ake kira kuki. Idan ka rubuta kalmar sirri daidai, sabar sai ta ba manhajar da kake shiga intanet da ita, irin su Chrome ko Opera Mini, wata doguwar lamba ta ajiye. Daga nan duk saƙon da wayar za ta aika, da lambar yake tafiya. Sabar ta duba littafinta, ta ga lambar ta wane ce, ta ga matsayinsa, sannan ta haɗa menu ɗin da ya dace da shi. Kamar katin asibiti ne: ba a sake tambayarka tarihinka, katin ake dubawa a ciro fayil.

A nan haɗarin yake. Sabar ba ta ganin fuskarka, lambar kawai take gani. Duk wanda ya ɗauki wayar ko ya zauna a gaban kwamfutar alhali lambar tana nan da ranta, to a wurin sabar kai ne.

Maɓallin da ya fi kowane muhimmanci

Mu kanmu mun taɓa zama a wani shagon intanet muka tarar da shafin wanda ya tashi a buɗe, ga sunansa da hotonsa da lambar rajistarsa. Ya buga takardarsa ya biya kuɗi ya tafi, bai fita daga asusunsa ba. Mun latsa masa maɓallin fita, amma ba kowa zai yi haka ba.

Ku duba abin da ke bayan wannan ƙofa. Tun 2017 JAMB ke gudanar da ba da gurbin karatu ta tsarin da ake kira CAPS. Idan Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Jami'ar Jihar Sakkwato ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi ta ba ɗalibi gurbi, a cikin asusunsa zai ga maɓallai biyu, na karɓa da na ƙi. Wanda ya samu asusun a buɗe zai iya latsa na ƙi, ko da wasa ko da mugunta, kuma a rubuce zai zama ɗalibin ne ya ƙi. Tun 2021 kuma sai da lambar ɗan ƙasa ta NIN ake rajistar jarrabawar, ga shi lambar wayar da aka yi rajista da ita tana ɗaure da asusun. Shafin bashin karatu na NELFUND da aka buɗe a 2024 shi ma yana neman NIN da lambar banki ta BVN. Ke nan abin da ɗalibi ke bari a buɗe ya wuce makin jarrabawa.

Rabin laifin na mai amfani ne, rabi kuma na mai tsarawa. Shafuka da yawa an gina su ne da tunanin kowa da wayarsa, shi ya sa ake tura maɓallin fita can ƙasan jeri, a bayan layukan nan uku da ke kwance a kusurwar fuskar waya. Wani mai zane, Norm Cox, shi ya ƙirƙiro alamar layuka ukun don kwamfutar Xerox Star da ta fito a 1981, kuma tana da amfani wajen rage cunkoso. Sai dai wanda yau ne karonsa na farko a intanet ba lallai ya san akwai wani abu a bayanta ba.

Don haka duk wanda zai gina shafi domin ɗaliban yanki irin namu, ga abin da muke ba shi shawara. Ya sa sunan wanda ya shiga a sama, a fili, ta yadda ƙane zai gane nan take cewa asusun yayarsa ne a buɗe. Ya sa maɓallin fita kusa da sunan, a kowane shafi, da kalma a rubuce. Idan akwai zaɓin nan na a riƙa tuna mutum a wannan na'ura, kada ya zo a kunne, a bar mai waya ya kunna da kansa. Idan aka ɗauki wasu mintuna ba a taɓa komai ba, shafin ya fitar da mutum. Kafin duk wani mataki da ba a iya warwarewa, kamar ƙin gurbin karatu, a sake neman kalmar sirri. Sannan idan mutum ya fita, sabar ta soke lambar nan daga littafinta, kuma latsa maɓallin komawa baya kada ya dawo da shafin da aka rufe.

Rubutu a ƙofa da kwaɗo a ƙofa

Kuskuren da sababbin masu koyo suka fi yi shi ne su ɗauka ɓoye maɓalli ya isa tsaro. A ƙofar gidaje da yawa akan rubuta cewa ba a shiga. Mai kunya yana ganin rubutun zai ja da baya. Ɓarawo kuwa sai kwaɗo da sakata.

Ga yadda abin ke faruwa a shafi. Kowane sashe yana da adireshinsa, wanda ake gani a saman manhajar shiga intanet. A ce mai gina shafin makarantar nan ya cire maɓallin zuba maki daga menu ɗin ɗalibai, amma bai sa sabar ta riƙa bincike ba. Ɗalibi mai wayo ya leƙa kwamfutar malami ya haddace adireshin, ya koma ya rubuta shi da hannunsa. Shafin zai buɗe masa, ya mai da 35 ta koma 85. Ko kuma ɗaliba ta lura adireshin sakamakonta ya ƙare da lamba 214, ta sauya ta zuwa 215, sai ga sakamakon ƙawarta.

Kada ku ɗauka ƙananan shafuka ne kawai ke faɗawa wannan rami. A watan Mayun 2019 ɗan jarida Brian Krebs ya bayyana cewa shafin kamfanin First American Financial na Amurka ya bar takardu kusan miliyan 885 a fili, ciki har da bayanan asusun banki. Duk mai adireshin takarda ɗaya, sauya lamba kawai zai yi ya ga ta wani, ba tare da kalmar sirri ba. Ƙungiyar OWASP, wadda ke fitar da jerin manyan haɗurra 10 da ke barazana ga manhajojin yanar gizo, a jerinta na 2021 wannan matsala ta rashin tsare ƙofa ta sa a farko.

Maganin shi ne a yi bincike a sabar, a kan kowane saƙo, ba sau ɗaya a bakin shiga ba. Tsofaffin biranen ƙasar Hausa masu ganuwa, irin su Alkalawa, babban birnin Gobir da ya faɗi a 1808, ba ƙofa ɗaya gare su ba, kuma ganuwa ba ta da amfani idan an tsare wata ƙofa an bar wata. Sabar tambaya biyu za ta yi duk lokacin da aka nemi wani sashe: wane ne wannan, kuma yana da izinin wannan abin? Idan ba ta san shi ba, amsar da aka tanada ita ce lamba 401, a aikace kuma sai a mai da shi shafin shiga. Idan ta san shi amma abin ba huruminsa ba ne, sai 403. Gwanaye kan ajiye jerin izini wuri ɗaya, menu ya karanta daga nan, mai tsaron ƙofa ma ya karanta daga nan. Idan aka rubuta su daban-daban, wata rana za a gyara ɗaya a manta ɗaya.

Ga masu sha'awar gwada ƙofofin mutane kuma, a sani Najeriya tana da dokar laifukan intanet ta 2015 da ta haramta kutsawa cikin kwamfutar wani ba da izini ba. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ita ma ta ɗora wa duk mai tara bayanan mutane, har da makarantu, alhakin tsare su. Wanda ya ci karo da ƙofa a buɗe a shafin makarantarsu, malamin kwamfuta zai gaya wa.

Inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa

Mutanen Isa da Sabon Birni ba sa buƙatar a ba su labarin rashin sabis. A watan Satumban 2021, lokacin mulkin Gwamna Aminu Waziri Tambuwal, an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na Jihar Sakkwato saboda yaƙi da 'yan bindiga, kuma Isa da Sabon Birni suna ciki. An riga an yi haka a Zamfara a farkon watan, don haka tsallakawa Shinkafi ba ta da amfani. Ko a lokacin da layukan ke aiki, a ƙauyuka da dama sai an nemi tudu ko wani lungu na musamman kafin saƙo ya fita. Tafiya Sakkwato don aikin minti 10 kuwa kuɗin mota ne, ga fargabar hanya.

Wannan yana da alaƙa kai tsaye da tsarin menu. Wasu shafuka sukan fara aiko da menu ɗin baƙo, daga baya su tambayi sabar ko mutum ya shiga, sannan su sauya. Inda intanet ke da ƙarfi, ƙiftawar ido ne. Inda yake jan ƙafa, ɗalibi zai daɗe yana kallon maɓallin shiga alhali yana ciki, ya sake rubuta kalmar sirri, ya ƙona data a banza. Mafi muni shi ne ya ɗauka ya fita ya miƙa wa wani wayar, can sai shafin ya gama buɗewa da sunansa. Ya fi kyau sabar ta haɗa menu ɗin da ya dace tun kafin ta aiko da shafin, ko a bar wurin fayau har amsa ta iso.

Akwai kuma batun fitar da mutum idan ya daɗe bai taɓa komai ba. Mun ce yana da kyau saboda wayar aro, amma yana iya zama azaba ga wanda ya kusa gama cike dogon fom sabis ya ɗauke. Mai tsarawa nagari yakan sa shafin ya ajiye abin da aka riga aka cike, kuma idan mutum ya sake shiga a mai da shi daidai inda ya tsaya, kada a jefa shi shafin farko. Hotuna masu nauyi a cikin menu su ma a rage su, rubutu ya fi saurin isowa. Idan shafin na makarantar gari ne, ba abin da zai hana a rubuta “Shiga” da “Fita” da Hausa a gefen Turancin, domin iyaye ma za su duba.

Aikin wannan mako

Ba sai kuna da kwamfuta za ku fara ba, masu wannan aiki da yawa a takarda suke farawa. Ku haɗu ku uku ko huɗu, ku samo fallen takarda da biro da rula. A saman takardar ku jera mutane biyar: baƙo, ɗalibi, uba ko uwa, malami, shugaban makaranta. A gefen hagu ku jera duk abin da shafin makarantarku zai iya yi, kamar ganin sanarwa, ganin sakamako, zuba maki, gyara maki, biyan kuɗin makaranta, ɗaukar sabon ɗalibi. A kowane gida ku sa alamar eh ko a'a.

Za ku ga gardama ta tashi, kuma ita ce darasin. Malamin lissafi zai ga makin Turanci? Uba mai 'ya'ya uku a makarantar, sau uku zai shiga ko sau ɗaya? Malamin da ɗansa ke ajinsa, wane menu za a nuna masa? Idan an saki sakamako, wa ke da ikon gyara shi, kuma a ina za a rubuta cewa an gyara? Ɗalibin da ya gama makaranta fa, a rufe asusunsa ko a bar masa ganin tsofaffin takardunsa?

Bayan kun daidaita, ku zana fuskar waya guda biyar, kowace da menu ɗin mutum ɗaya. Ku miƙa wa wani ƙane da bai san abin da kuke yi ba, ku ce ya nuna muku inda zai taɓa idan yana son fita. Idan ya tsaya yana dube-dube, ku sake zane. Daga nan ɗayanku ya zama sabar, sauran su riƙa miƙo masa buƙata a guntun takarda, shi kuma ya duba jadawalin ya amsa ko ya hana. Ku sa wani ya yi ƙoƙarin yaudararsa. Wanda ya ji daɗin wannan wasa, ya fara neman yadda zai koyi HTML da JavaScript, ya kuma sa ido kan shirin 3MTT da ma'aikatar sadarwa ta tarayya ta ƙaddamar a 2023 don horar da matasa sana'o'in fasahar zamani.

Kafin nan, ga waɗanda za su duba gurbin karatu a wayar aro ko a shago: ku rubuta kalmar sirrinku da hannunku, kada ku karanta wa kowa ita. Idan manhaja ta tambaya ko ta ajiye muku ita, ku ƙi. Da kun gama, ku nemi maɓallin fita ko da yana bayan layukan nan uku, ku latsa, ku tsaya har sunanku ya ɓace daga saman shafin, sannan ku miƙa wayar.